Mint ya samu sabon kanel, amma jerin GRUB na Ubuntu bai sani ba: ina mafita?

Wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi ya aiko da tambaya. Yana da kwamfutar hannu ta gwanjo, ya zuba mata tsari uku: Windows 10, Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22. Jerin zaɓin da ke fitowa in ya kunna ta, wanda manhajar tada inji mai suna GRUB ke nunawa, na Ubuntu ne. Duk sanda Mint ya sauko da sabon kanel, wato zuciyar tsarin da ake fara lodawa in an kunna inji, jerin nan yana nan da tsohon, sai ya shiga Ubuntu ya buga update-grub kafin sabon ya bayyana. Kwanan baya ya manta, Mint ya share tsohon kanel ɗin, da ya zaɓi Mint sai allo ya ce masa ba a ga fayil ɗin ba, a fara loda kanel tukuna. Abin da yake so shi ne wani ɗan rubutun umarni da zai riƙa sabunta jerin Ubuntu da kansa duk lokacin da Mint ya canza kanel.

Ƙanena, abin da ka roƙa yana yiwuwa, kuma zan nuna maka yadda ake ɗaura shi. Sai dai ni ban sa shi a injina ba, ba na kuma sa wa masu kawo mini gyara, domin akwai hanyar da ke kawar da buƙatarsa gaba ɗaya. Bari mu fara da inda ɓarakar take.

GRUB ba ya duba faifai ya nemo kanel a lokacin da kake kunna inji. Takarda yake karantawa, wato fayil ɗin /boot/grub/grub.cfg, kuma an rubuta ta tun kafin wannan kunnawar. Mai rubuta ta shi ne grub-mkconfig. Umarnin update-grub da ka saba bugawa ɗan aike ne kawai, yana kiran grub-mkconfig ya ce masa ya zuba abin da ya samu a wancan fayil. Shi kuma yana bin rubuce-rubucen da ke cikin /etc/grub.d ɗaya bayan ɗaya bisa lambarsu. Mai suna 10_linux ya lissafa kanel ɗin gida, mai suna 30_os-prober ya leƙa maƙwabta. Leƙen nan sau ɗaya ne: ya ga Mint yana da vmlinuz-6.8.0-45-generic a ranar, ya rubuta sunan da lambarsa, ya rufe littafi.

A gidan Debian da 'ya'yanta, Ubuntu da Mint, akwai folda /etc/kernel/postinst.d. Duk kanel ɗin da aka girka, sai an gudanar da abin da ke cikinta, kuma na ƙarshe a layi shi ne zz-update-grub. An sa masa zz ne don ya zo bayan an gama haɗa initrd, fayil ɗin da ke rakiyar kanel wajen tashi. Akwai takwaransa a postrm.d mai aiki idan an cire kanel. Ka ga ashe abin da kake nema, sabuntawa ba da hannu ba, Mint yana yin ta tun ran da ka girka shi. Duk mizajur ɗin kanel sai ya sake rubuta grub.cfg. Amma nasa yake rubutawa, wanda ke kan ɓangaren faifansa, wanda babu mai karantawa, tun da ƙofar shiga tana hannun Ubuntu. Takarda mai gaskiya tana ajiye a ɗaki, tsohuwa ce ake riƙe da ita a zaure.

To ga hanyar da ka tambaya. Ka aje ɗan rubutu a /etc/kernel/postinst.d na Mint da wani a postrm.d, ka ba shi suna mai zuwa bayan zz-update-grub, misali zzz-ubuntu, kuma kada sunan ya ƙunshi ɗigo, domin run-parts yana tsallake suna mai ɗigo ba tare da ya ce maka uffan ba. Aikinsa ya ɗora ɓangaren Ubuntu, ya jona masa /dev da /proc da /sys, ya shiga da chroot ya buga update-grub, sannan ya kwance komai. Layi goma sha wani abu ne. Yana aiki, na gwada shi shekarun baya.

Abin da ya sa na bar shi: ka ba Mint izinin shiga gidan wani ya rubuta a takardarsa da ikon root, wato cikakken iko a kan inji, a tsakiyar girka kanel, lokacin da ba ka kallo. In ka bar Ubuntu cikin dogon barcin nan da ake zuba ƙwaƙwalwa a faifai, ɗora ɓangarensa daga waje da rubutu a kai na iya lalata shi. In ka kulle shi da LUKS, rubutun zai tsaya jiran kalmar sirri. In ya faɗi da kuskure, dpkg, mai girka kunshin manhajoji, zai ɗauka girka kanel ɗin ne ya gaza, ya bar maka kunshin a rataye. Ga kuma halin wutarmu. Watan Afrilu da Mayu, zafi ya kai inda ya kai, kuran yana tafiya ba sallama, batirin injin gwanjo kuwa wani ko minti goma ba ya riƙewa. Shi kansa grub-mkconfig yana da dabara, yana rubuta grub.cfg.new ne, sai ya duba shi lafiya kafin ya maye gurbin tsohon. Amma tsari biyu a buɗe lokaci guda wuta ta ɗauke, garin neman gira ne a rasa ido. Wasu kuma sukan sa Ubuntu ya buga update-grub duk kunnawa. Wannan ba ya cutarwa, amma kullum yana baya da taki ɗaya: sai ka shiga Ubuntun kafin ya san labari, wato dai wahalar da kake gudu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maimakon Ubuntu ya kwafi labarin Mint, ka sa shi ya nuna ƙofa kawai, Mint ya faɗi abin da yake da shi da bakinsa. GRUB yana da umarnin da aka yi don wannan, sunansa configfile. Ka shiga Ubuntu, ka buga lsblk -f ka kwafi UUID, wato lambar shaida, ta ɓangaren da Mint ke zaune. Da UUID nake so ka yi aiki, kada ka rubuta sda5, domin ran da ka manta kile a jikin injin ko ka ƙara faifai, haruffan nan suna iya sauya wuri. Sai ka buɗe /etc/grub.d/40_custom, ka bar layukan sama yadda suke, musamman mai exec tail, ka ƙara wannan a ƙasa:

    menuentry "Linux Mint" {
        insmod part_gpt
        insmod ext2
        search --no-floppy --fs-uuid --set=root UUID-NA-MINT
        configfile /boot/grub/grub.cfg
    }

Kada ext2 ɗin ya ruɗe ka, shi ne kuma ke karanta ext4. In ka ware wa Mint ɓangaren /boot daban, UUID na wannan ɓangaren za ka sa, hanyar kuma ta koma /grub/grub.cfg. Daga yau, in ka zaɓi Mint, GRUB zai buɗe takardar Mint ta wannan lokacin, wadda zz-update-grub ɗinsa ya rubuta. Sabon kanel, tsoho na ko-ta-kwana, layin ceto, duk abin da ka ƙara a layin umarnin kanel saboda katin hoto ko na wayales, komai yana ciki. In ka fasa, Esc zai dawo da kai jerin farko. Babu lambar kanel ko ɗaya a abin da ka rubuta, don haka babu abin da zai tsufa.

Yanzu os-prober ya zama ba shi da aiki, kuma gara a sallame shi. Masu GRUB da kansu sun bar shi a kashe, sai in kai ka kunna, tun fitowar 2.06 a watan Yunin 2021, saboda yana buɗe duk ɓangaren da ya gani da ikon root, Debian 12 ma ta bi sahu a 2023. Mint ne ya sake kunna nasa don sauƙaƙa wa sababbin shiga. Akwai kuma wata cuta da na sha gani a injinan da aka girka da Faransanci, irin namu na nan: tsari biyu kowa yana kwafar jerin ɗan'uwansa, har da kwafin kwafin, jerin ya yi ta ninkuwa, update-grub ya koma cin mintoci. Alamar da os-prober ke gane kwafi da ita kalmar Ingilishi ce, on, a ƙarshen sunan layin, Faransanci kuwa sur yake rubutawa a wurin, sai ya wuce bai gane ba.

A nan ne mutane ke faɗawa rami biyu, ka saurara da kyau. Na farko, in ka rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=true a /etc/default/grub na Mint, za ka ga bai ji ba. Dalili, fayilolin da ke /etc/default/grub.d ana karanta su ne daga baya, su ne da magana ta ƙarshe, kuma Mint yana da nasa a can mai suna 50_linuxmint.cfg. Na biyu ya fi tayar da hankali. Ubuntu yana zuwa ne da jerin a ɓoye, lokacin jira sifili. Os-prober ne ke tilasta masa bayyana idan ya ga maƙwabci. Ka kashe shi ba ka gyara wannan ba, injin zai zarce Ubuntu kai tsaye, ka zaci Windows da Mint sun salwanta. Maganin duka biyu fayil ɗaya ne. Ka ƙirƙiri /etc/default/grub.d/99_namu.cfg a Ubuntu da kuma Mint, ka zuba:

    GRUB_DISABLE_OS_PROBER=true
    GRUB_TIMEOUT_STYLE=menu
    GRUB_TIMEOUT=8

A na Mint kana iya rage jiran zuwa daƙiƙa 3, don kada ka zauna jira sau biyu.

Tun da os-prober ne ke kawo Windows cikin jerin, sai ka rubuta shi da hannu, sau ɗaya tak. Windows ba shi da wannan matsalar tun asali, domin sunan fayil ɗin da ke tada shi ba ya canzawa. UUID ɗin da ake so a nan na ɗan ƙaramin ɓangaren FAT ɗin nan ne da ke ɗore a /boot/efi, gajeriyar lamba ce, haruffa huɗu, ɗan kara a kwance (-), haruffa huɗu:

    menuentry "Windows" {
        insmod part_gpt
        insmod fat
        search --no-floppy --fs-uuid --set=root UUID-NA-ESP
        chainloader /EFI/Microsoft/Boot/bootmgfw.efi
    }

Sai sudo update-grub. Wannan duka na ɗauka injinka a UEFI yake, wato sabon salon tada inji. Ka tabbatar: in akwai folda /sys/firmware/efi, to haka ne. Yawancin injinan da ke shigo mana ta Katsina da Kano suna iya UEFI, amma masu girkawa a kasuwa sukan mai da su tsohon salon BIOS don ya fi musu sauri. In naka haka yake, part_msdos za ka sa a madadin part_gpt, Windows kuma ana kiransa da chainloader +1 a kan ɓangaren da ke tada shi.

Saura rigimar sarauta, wadda ba ka tambaya ba amma tana nan tafe gare ka. Ba a sarki biyu gari ɗaya, kuma Ubuntu da Mint fada ɗaya suke nema. A kan ɓangaren EFI, Windows yana da foldarsa, Debian tana da tata, Fedora ma haka. Mint kuwa ba shi da tasa: cikin EFI/ubuntu yake zama, da sunan Ubuntu, domin shim (ɗan shirin da ke fara tashi ya kira GRUB) da GRUB masu sa hannun da yake amfani da su na Ubuntu ne. A cikin foldar akwai wani ɗan grub.cfg mai layi uku, aikinsa ya faɗi UUID na ɓangaren da za a je a ɗauko babbar takarda. Duk wanda ya gudanar da grub-install daga ƙarshe, shi ke rubuta lambarsa a wurin. Sabon kanel ba ya taɓa wannan. Sabon kunshin GRUB ko na shim shi ke taɓawa. Don haka wata rana za ka yi wa Mint mizajur, ka kunna da safe ka tarar jerin Mint ne ya tare ka.

Wasu sukan ce a daskarar da kunshin GRUB na Mint da apt-mark hold. Ban yarda ba, musamman ga mai Windows a gefe da Secure Boot a kunne, wato tsaron da ke hana tashin abin da ba shi da amintaccen sa hannu. A watan Agustan 2024 wani sabuntawar Windows ya shigar da dokar SBAT mai hana tsofaffin shim tashi, kuma mutane da yawa masu tsari biyu a duniya suka wayi gari Linux ɗinsu ya ƙi kunnuwa, allo yana maganar keta dokar tsaro. Wanda ya daskarar da shim ɗinsa ya sa kansa a layin irin wannan ranar. Abin da nake yi ya fi sauƙi: in bar su su yi ta karɓe-karɓen kujerar, amma in tabbatar ko wa ya hau, ƙofofi uku suna nan. Wato ka shiga Mint, ka buɗe 40_custom nasa, ka rubuta layin Ubuntu da configfile da UUID na Ubuntu, ka ƙara na Windows, ka buga update-grub. Yanzu kowane jeri yana nuna ɗan'uwansa. Bambancin kawai wane ne a sama. In abin ya dame ka, ka shiga Ubuntu ka buga sudo grub-install, kujera ta dawo masa. Gargaɗi ɗaya: ka bar GRUB_DEFAULT a 0 a duka biyun. In ka sa zaɓin da wannan ke ɗauka da kansa ya zama wancan, na wancan ya zama wannan, za su yi ta miƙa wa juna kai kamar ƙwarya a gidan suna. Shi ma GRUB_DEFAULT=saved, mai tuna zaɓin da aka aje, ban cika so a wannan shiri ba, domin jerin biyu fayil ɗin grubenv ɗaya za su riƙa karantawa, abin da ɗaya ya tuna ya rikita ɗayan. A injin BIOS kuwa rigimar tana da magani kai tsaye: sudo dpkg-reconfigure grub-pc a Mint, ka cire alamar da ke kan faifan, ba zai sake taɓa farkon faifai ba.

Akwai wata hanya ta biyu da ta cancanci a ambata. Ubuntu da Mint suna aje sunaye marasa lamba, /boot/vmlinuz da /boot/initrd.img, masu nuni kullum ga kanel mafi sabo, da masu .old ga wanda ya gabace shi. Debian tana aje nata a tushen faifai. Kana iya rubuta layi mai kiran waɗannan kai tsaye, ka huta da jeri na biyu. Aibinta, abin da ka rubuta a layin kanel ya daskare a gidan Ubuntu, in ka canza wani abu a Mint ba zai bi ba. Ni ina aje irin wannan layi ɗaya ne a ƙasan jeri saboda ranar da grub.cfg na Mint ya lalace.

Duk wannan ya zo maka da sauƙi ne domin Mint 22 daga Ubuntu 24.04 aka gina shi, GRUB ɗinsu ɗaya ne, 2.12, mai sa hannu a kanel ɗinsu ma ɗaya. Na san ku ɗalibai, wata uku ba za a yi ba ka ce za ka gwada Fedora ko Debian, to kada ka kwafi layin configfile ka kai can. In Secure Boot yana kunne, GRUB na Ubuntu zai ƙi loda kanel mai sa hannun wani gida. Fedora kuma tun fitowa ta 30 a 2019 ta daina jera kanel a cikin grub.cfg, kowane kanel yana da ɗan fayil nasa a /boot/loader/entries, takardar tana kiran umarnin blscfg ne ya tattaro su, GRUB na Ubuntu 24.04 kuwa bai san wannan umarnin ba. Ga waɗannan, yadda ka yi wa Windows za ka yi musu: chainloader /EFI/fedora/shimx64.efi, ko /EFI/debian/shimx64.efi, kowa ya tashi da GRUB ɗin gidansu. Ƙa'idar ita ce takarda da mai karanta ta su zama 'yan zamani ɗaya. Mutanen Arch sun ɗanɗana wannan a watan Agustan 2022, lokacin da sabon grub-mkconfig ya fara rubuta wani umarni da tsohon GRUB ɗin da ke kan faifai bai fahimta ba. Waɗanda injinsu ke sake rubuta takardar da kansa ba tare da grub-install ba, injin ya riƙa jefa su shafin saitin BIOS duk kunnawa. Abin dariyar, Arch ba ya ma buƙatar sake rubutun bayan sabon kanel, domin nasa kullum vmlinuz-linux yake amsawa.

Za ka ji ana yabon rEFInd na Roderick Smith, kuma yabon yana kan hanya: shi yana duba faifai ne a lokacin kunnawa, ba ya dogara da takardar jiya. In injin naka ne kai kaɗai kuma Secure Boot a kashe yake, gwada shi. Da Secure Boot sai ka yi hidimar shigar da makulli. Shi kuma systemd-boot yana son kanel su zauna a ɓangaren EFI, wanda Windows ya saba yanka wa megabait 100 kacal, kanel biyu da initrd ɗinsu ba za su shiga ba.

Kafin ka taɓa komai, ka kwafi grub.cfg na yanzu ka aje da wani suna, ka tanadi kile mai Ubuntu ko Mint a kai, batir ya cika. In Windows ɗinka yana da BitLocker, ka rubuta makullin cetonsa mai lamba 48 a takarda ta gaske, domin canza hanyar tashi yakan sa ya tambaya. Ka kuma san maɓallin jerin injin kansa, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Ko GRUB ya rikice, ta nan za ka shiga Windows.

Gwajin ba ya buƙatar ka jira sabon kanel ko ka ƙona megas ɗinka. Bayan ka gama, ka shiga Mint ka canza GRUB_TIMEOUT a 99_namu.cfg daga 3 zuwa 6, ka buga update-grub a Mint kaɗai, ka sake kunnawa. Zaɓi Mint a jerin Ubuntu. In jeri na biyu ya fara ƙirga daga 6, takardar Mint ta yau ce ake karantawa. Ran da kanel na gaba ya sauko, ka sake kunnawa ka buga uname -r, ka gwada lambar da mafi girma a cikin ls /boot. In sun saɓa, ka turo mini abin da lsblk -f ya nuna da abin da ka rubuta a 40_custom na duka biyun. Sau tara cikin goma harafi ɗaya ne ya faɗi a wajen kwafar UUID.